Jini Dama da Hagu

Ranar Talata da hantsi muka sami Nicanor mai gyaran shinge a kife, taku goma tsakaninsa da komin ruwan shanu, hannunsa ɗaya a miƙe wajen ruwan da bai kai ba. Tun safiyar Litinin ya fita da filaya da damin waya, bai dawo ba. Harsashi ya shige shi ta ciki ya fita ta baya. Shekarata ashirin da shida ina fiɗar dabba a gandun farauta na La Tiznada, na san raunin da ke kashewa nan take, na san mai jan rai. Wannan mai jan rai ne. Mutumin nan ya yini yana jan ciki a cikin ƙaya.

Watan Maris ne, lokacin da mazan jar barewa ke ruri a dajin itatuwan kalden, masu kuɗin Buenos Aires kuma su cika mana gida da manyan bindigogi. Amma ko mutum ɗaya bai kalli gidan baƙi ba. Kafin rana ta take, gari ya riga ya yanke hukunci: Eulogio ne.

Eulogio Carripí yana zaune a wata bukka bayan shingenmu na kudu, yana satar farauta da tsohuwar bindigar soja da ya gada. Jinin ƙabilar Rankel ne, mutanen da ƙasar nan take tasu tun kafin a kafa waya, kuma garinmu bai taɓa yafe musu wannan ba. Ranar Asabar a kantin gari Nicanor ya ce masa, "Kai ne ke yanke mini waya, ɓarawon banza." Eulogio ya ce, "Wata rana da ita zan ɗaure ka." Mutum tara suka ji. Zuwa Talata da yamma sun zama arba'in, har da waɗanda ranar ma ba sa gari. Ni ma, Braulio, in na ce ban yarda da maganar ba na yi ƙarya.

Sufeto Olguín ya kulle Eulogio tukuna, sannan ya aika a kira Don Anacleto Funes ya duba ƙasa, don kada a ce bai yi bincike ba.

Don Anacleto shi ne mai bin sawun gandun. Shekara saba'in da ɗaya, gwiwoyinsa sun gama aiki, amma idonsa yana nan. Ya bi sawun jan cikin Nicanor da baya, muna biye da shi, har gindin wani turken shinge inda filayar take yashe. Nan ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa.

"To, tsoho?" in ji Sufeto. "Addu'a kake yi ko karatu?"

"A nan ya faɗi. Mutum biyu sun zo sun tsaya a kansa yana da rai. Ɗaya ya tsuguna ya duba shi. Sannan suka juya suka tafi."

"Su wa?"

"Takalmi ne irin na kowa."

"Eulogio da wani ɗan'uwansa ke nan. Ai ba sa ƙarewa, kamar ƙuma."

Don Anacleto ya roƙi ruwa, na miƙa masa gora.

*

Laraba ya ce in kai shi gari a motar gandu, don shi ba ya tuƙi. Zenona, matar Eulogio, tana zaune a dakalin ofishin 'yan sanda da kwanon abinci a cinya, an hana ta shiga da shi. Mu aka bari muka shiga, saboda furfurar Don Anacleto.

Da ƙyar na gane Eulogio. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf.

"A'a, mai karatun ƙasa ne da mahaucinsa," in ji shi. "Kun zo auna fatata ne? Ku hanzarta, sun kusa gama jeme ta."

"Ina kake safiyar Litinin?" in ji Don Anacleto.

"Cikin gandunku, mana. Ina zan kasance? Amma can yamma, wajen tsohuwar rijiya. Ko zomo ban harba ba."

"Ka ji harbi?"

"Ɗaya. Rana ta ɗan ɗaga. Ba irin na tsohuwar bindigata ba, ita tari take yi. Wannan babbar bindiga ce, magnum, har ƙirjina na ji ta." Ya tofar da yawu mai jini. "Na faɗa wa Olguín, ya ce tun yaushe ɗan Rankel ya zama masanin bindigar manya. Don Anacleto, kai ka san tafiyata. Shekara nawa kana bin sawuna kana zagina? Ka ga ƙafata a wurin?"

"Ban gani ba."

"To, ka faɗa musu."

"Na faɗa wa ƙasa ta ƙara magana tukuna."

Da muka fito Zenona ta kama hannun rigarsa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Don Anacleto, yaushe?" Ya zare rigarsa a hankali ya shiga mota.

*

Magnum uku ne a gandun. Ɗaya ta maigida ce, Don Bautista. Ɗaya ta baƙonmu na makon, Likita Morandi. Ta uku ta gida ce, tana hannun Dardo, ɗan Don Anacleto, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ke yi wa baƙi jagora.

Mun same su da rana a baranda ana zagayen shayin mate. Likita yana da irin muryar mutanen da ba a taɓa katse wa magana ba, kuma kullum maganarsa ɗaya ce, harsashi. Nauyin harsashi da lamba ake faɗinsa, tana nan rubuce a jikin kwali. Maigida ɗari da tamanin yake harbawa tun yana saurayi. Likita kuwa wani mai kanti a birni ya sayar masa da ɗari da hamsin, ya ce masa mara nauyi ya fi gudu, ya fi tafiya miƙe.

"Walƙiya ce," in ji Likita. "Kafin dabba ta ji ƙara ta mutu."

"Biyun da ka harba tun zuwanka ba su ji labarin ba," in ji Don Anacleto. "Harsashinka a kan kafaɗa yake tarwatsewa kamar ƙwai. Ba ya fita ta ɗaya gefen, ramin shiga kuma kitse ya toshe shi. Yini guda na yi da rarrafe ina neman ɗigon jini, dukansu biyu dila ya ci."

"Laifin ido ne, kaka, ba na harsashi ba."

Maigida ya yi dariya don baƙo ya yi dariya. Haka sana'ar take.

"Safiyar Litinin ina kuka yi?" in ji Don Anacleto.

"Arewa," in ji Likita. "Ko kunamar bindiga ban taɓa ba. Ko ba haka ba, Dardo?"

"Haka ne," in ji Dardo, idonsa a kan butar ruwan zafi.

"Kai fa, maigida?"

"Ni? A gidana kake tuhumata, Anacleto? Ina birnin Santa Rosa wajen likitan haƙori, ga ramin nan in kana son bin sawu." Ya wage baki.

Likita ya ce abin tausayi ne, wallahi, amma irin waɗannan mutanen da giya da gaba suke kashe junansu. Sannan ya tambaye ni ko naman yau zai yi laushi.

*

Alhamis Don Anacleto ya ce akwai wasu samari masu farautar aladen daji da ke tsallako shingen kudu, mu je mu gan su. Kilomita sittin a kan rairayi, taya ta fashe mana sau ɗaya, na ƙone hannu a jikin inji. Muka tarar da su suna ɗinke wa wani farin kare ciki.

Babbansu ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya kwashe da dariya.

"Magnum? Mu? Tsoho, da kare da wuƙa muke shiga wa alade, kai ka koya wa ubana inda ake sokawa. Ƙuruciya ce ta dawo maka ko rana ce ta buge ka?"

A hanyar dawowa raina a ɓace yake. Na ce, "Don Anacleto, ka san ba su da bindiga."

"Mutum yana canzawa."

"Ana can ana yi wa bawan Allah dukan kawo wuƙa, mu muna yawon gaida karnuka."

"Kalli hanya, Braulio."

Na kalli hanya. A raina na ce tsufa ya cim masa, kuma na ji tausayinsa. Har yau ina jin haushin wannan tausayin.

*

Juma'a da sassafe Zenona ta iso gandun a ƙafa, kilomita goma sha huɗu. Don Anacleto yana zaune a ƙofar ɗakin fiɗa. Ta tsaya a gabansa, ƙafafunta duk ƙaya.

"Jiya sun sa hannunsa na dama a bakin ƙofar ƙarfe sun rufe. Sau biyu. Ina waje ina ji. Litinin za su kai shi Santa Rosa, ya ce zai sa hannu a duk abin da suka rubuta." Ta yi wata irin dariya. "Da wane hannun, ban sani ba."

Ba ta roƙe shi komai ba. Ta juya ta kama hanya.

Don Anacleto ya daɗe yana kallon bayanta. Sannan ya ce, "Ɗauko wuƙarka da kurfin sassaƙa."

Bai yi lalube ba. Daga turken da Nicanor ya faɗi ya miƙe arewa ta cikin sarƙaƙiya, taku ɗari da wani abu, zuwa wani ɗan fili. Ya nuna mini inda kofato huɗu suka tona ƙasa.

"Nan namijin barewa ya tsaya yana ruri. Nan ya zabura. Duba ciyawa."

Jinin ya bushe ya yi baƙi, amma da ya nuna mini sai na gan shi ko'ina. Feshi a kan ganyen hagu, feshi a kan ganyen dama, duk inda dabbar ta bi.

"Jini gefe biyu," in ji shi. "Rami biyu ke nan. Ya shiga, ya fita."

Wari ne ya kai mu sauran hanyar. Ungulaye sun ci cikin, amma fata da haƙarƙari suna nan, da ƙaho mai reshe goma sha huɗu wanda ba mafaraucin da zai bari a daji sai in gudu yake yi. Na juya mushen. Ramin shiga kamar ɗan yatsa, na fita kamar bakin kofi, ya fasa kafaɗa biyu ya wuce abinsa.

Muka koma fili. Don Anacleto ya tsaya inda maharbin ya durƙusa, ya sa ni inda barewar ta tsaya, ya miƙa sandarsa ta kan kafaɗata. Na waiwaya. Ta wata 'yar kafa a cikin ganye, ga turken Nicanor can, a miƙe kamar an ja zare.

Ramin yana ƙasa-ƙasa a jikin turken, ɓawon itace ya rufe shi. Rabin sa'a na yi da kurfi kafin harsashin ya faɗo tafin hannuna. Kansa ya buɗe kamar naman kaza, amma gindinsa yana nan dogo, bai tarwatse ba. Na ji nauyinsa, na dunƙule hannu a kansa.

*

Da yamma Don Anacleto ya tara su a baranda: maigida, Likita, Dardo, da Sufeto Olguín wanda ƙanshin gashin haƙarƙari ya kawo shi fiye da saƙonmu. Na ɗauko ɗan ma'aunin albarushi na maigida na ajiye a tebur.

Don Anacleto ya ba da labarin barewar a taƙaice. Sannan ya ce, "Sufeto, harsashin bindigar Eulogio da ka kwashe, ka zo da ɗaya?"

Olguín ya jefo shi a tebur. Na cire kansa da filaya na ɗora a ma'auni. Ɗari da hamsin da huɗu.

"Yanzu ɗora na turke."

Allurar ta yi rawa ta tsaya. Ɗari biyu da shida.

"Harsashi ba ya ƙiba a hanya," in ji Don Anacleto. "Raguwa yake yi. Wannan ya fasa kafaɗar barewa biyu, ya ratsa mutum, ya shiga itace, kuma abin da ya rage ya fi sabon harsashin Eulogio nauyi. Ya fi na maigida ma. Ɗari biyu da ashirin ne. Na bauna."

Muna da baunar ruwa 'yan kaɗan a fadamar gabas, don baƙon da barewa ta yi wa kaɗan. Kwali ɗaya tak na harsashinsu ke gidan, kowa kuma ya san a akwatin wa yake.

Likita ya riga kowa magana. "To, alhamdu, ni dai kowa ya san ɗari da hamsin nake harbawa. Kaka ma ya zage ni a kai shekaranjiya a gabanku."

"Dardo," in ji Don Anacleto. Bai kalle shi ba. "Kawo kwalin."

Dardo bai tashi ba. Ƙaton mutum, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi kamar mai jin sanyi.

"Babu uku a ciki," in ji shi. "Ni na sa su a bindigar Likita safiyar Litinin, bai sani ba. Shi ya harba. Barewar ta ruga, sai muka ji mutum yana ihu a bayan sarƙaƙiya. Muka je. Likita ya tsuguna ya ɗaga masa riga, ya ce ba zai kai awa ɗaya ba, ko an ɗauke shi a hanya zai mutu, mu tafi. Nicanor ya kira sunana. Ya ce, Dardo, ruwa. Awa ɗaya ya ce mini. Likita ne, na yarda."

"Ƙarya yake yi!" Likita ya miƙe. "Bindigarsa iri ɗaya ce da tawa, harsashin nasa ne, a akwatinsa yake. Shi ya harba, ya ce in na yi magana ba zan fita dajin nan ba. Ni baƙo ne, ina na san hanya? Bautista, haka kake tara 'yan ta'adda kana ba su baƙi?"

Maigida ya kalli Likita, ya kalli Dardo wanda aka haifa a bayan ɗakin girkinsa. Na ga lokacin da ya zaɓa, bai ma daɗe ba.

"Me ya kai ka taɓa bindigar baƙo, Dardo? Wa ya ba ka izini? Ba ka san abin da ke bayan dabba ake fara dubawa ba kafin a sa irin wannan harsashi?"

Sai a lokacin Dardo ya ɗago ya kalli ubansa.

"Baba, kai ka ce. Ka ce gwiwarka ta gaji da neman jinin da babu. Ka ce in sa masa na bauna, ya huda gefe biyu, ka sami abin bi."

"Ni na ce," in ji Don Anacleto. "Rubuta, Sufeto. Ni na ce."

Olguín bai rubuta ba. Shawarar tsoho ba laifi ba ce, in ji shi, ga dai mai harsashi a hannu. Ya sa wa Dardo ankwa. Likita ya ba da bayaninsa a zaune, da kofin giya a gabansa, washegari kuma lauyansa ya zo da mota daga Buenos Aires ya ɗauke shi. Kafin ya tafi ya leƙo ɗakin fiɗa ya tambaye ni ko za a iya ɗauko masa ƙahon nan mai reshe goma sha huɗu, tunda dai asara ce a bar shi. Wuƙa tana hannuna. Na ajiye ta a kan tebur na fita ta ƙofar baya.

*

Asabar aka saki Eulogio. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Mutum arba'in ɗin nan na kanti kowa ya ce shi da ma tun farko abin bai kwanta masa ba.

Mu muka kai su gida, shi da Zenona a baya, hannunsa naɗe da tsumma a kan cinyarta. Yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasuwa ba, har da na jan kunama. Mutumin da bindiga ke ciyar da shi ke nan. Muka tsaya a ƙofar bukkar. Eulogio ya sauka da ƙyar, ya zagayo ta tagar Don Anacleto.

"Sun ce ɗanka ne."

"Ɗana ne."

"Na ji maka." Ya gyara tsumman hannunsa. "Amma akwai abin da nake juyawa tun jiya. Ni da nake bare a wurinka, ka san tafiyata ko a kan dutse. Yaushe ka gane ƙafarsa?"

Na so in tada mota. Na rantse na so.

"Talata," in ji Don Anacleto. "Da na isa turken. Ni na koya masa tafiya."

Eulogio ya lissafa da yatsun hannun hagu, a hankali, yana motsa baki. Talata. Laraba. Alhamis. Ya tsaya a kan Alhamis.

"Ranar da kuka zo dubana, da hannuna biyu na gaishe ka."

Zenona ta kama mijinta ta shigar da shi, ta dawo ta ja ƙyauren langa-langa ta rufe.

Na juya mota. Da muka yi nisa tsohon ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Ka biya ta gidan Dardo. Yaran ba su sani ba tukuna, uwarsu ta ce ni zan faɗa musu."